Hannun da Ya Ɗaga Rodin

4 ga Maris

Ƙanena Malam,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu. Ina fata kana lafiya, karatun tauhidin nan kuma bai ƙarasa cinye maka gashin kai ba. Mu nan mun gode Allah. Idanuna ne dai kamar kullum, in na yini ina walda sai su yi ta ruwa kamar an watsa mini yashi. Gwiwar matata ta yi sauƙi har ta koma hawa bene. Ta ce in gaishe mata da mijinta ƙarami, wai ka daina ramewa.

Majami'armu ta rabu biyu. Tun da sabon Fasto ya zo wa'azinsa ɗaya ne, wai tun kafin a kafa duniya Allah ya riga ya zaɓi waɗanda zai cece su, sauran kuma ya ƙyale su, ba mai ƙarawa ba mai ragewa. Baba Kafinta bai yarda ba. Ya ce in haka ne, shekara arba'in da ya yi yana bin gidajen giya yana roƙon mutane su tuba, wahalar banza ya sha ke nan.

Ranar Lahadi bayan sujada dattawa suka zauna kan maganar, aka bar ƙofa a buɗe, jama'a suka cika. Aka yi ta jifan juna da ayoyi. Can sai wani matashi daga ɓangaren Fasto ya ce wa Baba tsufa ne ya toshe masa kai. Ɗan Baba ya tsallake benci biyu ya gabza masa kai a hanci. Daga nan wuri ya rikice. Na ga ma'aji yana dukan mai gadi da sandar makirfo. Na ga wata mata ta ciji kunnen ƙanwar mijinta. Bencin da Baba ya ƙera da hannunsa aka ɗaga aka rotsa wa wani goshi, jini har kan teburin Jibin Ubangiji.

Ni na shiga rabo. Na kama wuyan rigar wani da hannu ɗaya na ɗaga shi, ƙafafunsa suna reto. Ga abin da ban gaya wa kowa ba, Malam: daɗi na ji. Daɗin nan na dā, wanda yake tasowa daga kafaɗa ya sauko yatsu. Sai da na ciji harshena kafin na ajiye shi.

Ka san ko ni wane ne shekara goma sha huɗu da suka wuce, lokacin da ake ce mini Guduma. Ka san direban da har yau yake jan ƙafa saboda ni. Baba Kafinta ne ya same ni a bayan tasha da jinin mutum a rigata, ya zauna kusa da ni ya ce in zaɓa. Na kuwa zaɓa. Kowace safiya kafin in kunna injin nakan ce, yau ma na zaɓa. Da wannan nake riƙe hannuna. To in ba ni na zaɓa ba, da me nake riƙe shi? Kai ne mai karatu, ka faɗa mini gaskiya, kada ka lallashe ni.

'Yarka Mamana, mai sunan mahaifiyarmu, Lahadi biyu ba ta zo sujada ba. Mijinta yana nan kan piyanonsa yana murmushi. Ya ce laulayin ciki ne.

Yayanka


15 ga Maris

Yaya,

Na sami wasiƙarka, na gode Allah da kuna lafiya. Ni ma lafiya lau, sai ɗan mura. Don Allah ka riƙa sa gilashin nan mai duhu, kada ka ce ɗigo ɗaya ne kawai za ka yi. Ka gaya wa uwargidana ramar karatu ce, ba ta yunwa ba.

Abin da ya faru a majami'a ya ba ni kunya. Amma tambayarka ta faranta mini rai, don a kanta muke tun farkon zangon nan. Mu ma a nan muna musu har abinci ya huce, sai dai ba mu kai ga benci ba tukuna.

Ka ce kada in lallashe ka. Ina ganin Fastonku ya fi kusa da gaskiya, ko da bai iya faɗinta ba. Ka tuna ranar nan a bayan tasha. Kai ka aika a kira Baba? Kai ka tsara ya bi ta wannan hanyar? Mutum nawa ya yi wa magana irin wannan suka zage shi suka wuce? Me ya sa kai ka ji? Ka fi su kirki ne? Ka san amsar. Gawa ba ta zaɓar tashi, Yaya, tashe ta ake yi. Ka zaɓa, ban musa ba, amma sai da aka fara zaɓarka.

Wannan abin hutawa ne. Kana rayuwa kamar wanda ya rataye a bakin bene da yatsu, kana tsoron ranar da za su gaji. Ba kai ne kake riƙe da Allah ba, shi yake riƙe da kai. Wanda Allah ya zaɓa, babu abin da hannunsa zai aikata da zai fitar da shi daga hannun Allah. Wanda kuma bai zaɓa ba, ko ya ɗaure hannunsa da sarƙa shekara ɗari bai ƙara wa kansa kome ba. Saboda haka ka saki jikinka.

Akwai sauran magana mai muhimmanci kan yadda ake gane zaɓaɓɓe ta halinsa, amma jarrabawar Girkanci tana kaina jibi. Zan ƙarasa maka a wasiƙa ta gaba.

Ka gaishe da Baba Kafinta, kada dai ka nuna masa wannan, kar ya sa ni a jerin waɗanda zai bi da wa'azi. Ka leƙa Mamana ka ce babanta ƙarami yana jiran labarin jika.

Ƙanenka


29 ga Maris

Malam,

Ina fata murar ta sake ka. Mu ba lafiya.

Ranar Talata da hantsi ina yanka ƙarfen taga sai motar haya ta tsaya a bakin shago. Direban ya fito ya riƙo wata mata. Sai da na ga zoben da uwarta ta ba ta na gane 'yata ce. Fuskarta ta kumbura har idon hagu ya ɓace. Bakinta a karkace, ba ya rufuwa. Jini yana bin ƙafarta har cikin takalmi.

A asibiti suka ce muƙamuƙinta ya karye wuri biyu, haƙarƙari uku sun tsage. A kafaɗarta akwai shaidar dutsen guga, har da ramukan da tururi yake fita, kamar an buga hatimi. Cikin wata shida ya zube. Namiji ne. Na gan shi, yana da farata. Likita ya ɗaure mata haƙora da waya, da tsinken roba take shan abinci, in tana son magana sai ta rubuta. Na tambaye ta dalili, ta rubuta cewa rigar da mijinta yake sawa ranar Lahadi ce ta ƙone a wurin guga. Na tambaye ta tun yaushe yake dukanta, ta rubuta, tun watan farko na aurensu.

Mun kai ƙara. Aka kira mijin, ya je tare da Fasto da dattawa biyu, aka ce maganar gida ce a je a sasanta. Fasto ya zo har falona ya ce ko tsuntsu ba ya faɗuwa sai da yardar Allah, mu nemi abin da Ubangiji yake koya mana. Na tambaye shi ko Allah ne ya jona dutsen gugar a wuta. Ya ce ina magana cikin zafi. Ranar Lahadi Mai Piyano ya hau kujerarsa ya buga waƙoƙi biyar, idonsa a rufe, da yatsun nan nasa masu tsabta. Mata suna share hawaye.

Baba Kafinta kwana uku ke nan yana zuwa shagona. Sai ya zauna kan tsohuwar taya yana kallon hannuna. Jiya da zai tafi ya ce, "Guduma ya mutu, ni na binne shi. Kada ka tone mini kabari."

Na karanta wasiƙarka sau ba adadi, har ta yage a wurin ninki. Ga abin da na fahimta. In ina cikin zaɓaɓɓu, duk abin da hannuna ya yi ba zai fitar da ni ba. In ba na ciki, shekara goma sha huɗun nan da na yi ina haɗiye fushi, a banza na haɗiye, kuma wutar tana jirana ko na yi ko ban yi ba. Ta kowace hanya hannuna a sake yake. Haka ka rubuta.

Na yanke rodi mai kauri, tsawon kamu ɗaya da rabi, na naɗe gindinsa da roba, na ajiye ƙarƙashin tebur. Ban ce zan yi wani abu da shi ba. In ba daidai na fahimce ka ba, ka rubuto. Zan jira.

Yayanka


14 ga Afrilu

Malam,

Gaisuwa. Mamana ta dawo gida, tana ɗakinta na dā. In aka rufe ƙofa da ƙarfi sai ta shige bayan kujera.

Mako biyu ina zuwa gidan waya kullum. Jiya mijinta ya aiko a gaya mata ta dawo, wai ya yafe mata.

Kai ba ka taɓa wuce kwana goma ba ka ba ni amsa ba. Na ji shirunka.

Yayanka


24 ga Afrilu

Malam,

Ni ce, matar yayanka. Ina fata kana lafiya. Na kira ofishin makarantarku sau huɗu, sai jiya wata ta ce tun tsakiyar Maris aka tura ajinku aikin bishara a ƙauyuka, babu waya a can. Shi ya sa na rubuta, don in ka dawo ka ji daga bakina kafin ka ji a wani wuri.

Yayanka yana tsare. Baba Kafinta ya rasu.

Ranar Asabar ne da la'asar. Ina majami'a da wasu mata muna shara, mawaƙa suna gwaji a gaba. Baba yana gefe yana gyara bencin da aka karya ran faɗan nan. Sai ga yayanka ya shigo da kayan aikinsa a jiki, gilashin walda a goshi. Ba da gudu ba, ba da ihu ba. Har ya gaishe da matar Fasto. Sai da ya wuce ni na ga rodin manne da cinyarsa.

Mai Piyano bai gan shi ba, idonsa a rufe. Dukan farko a kan hannayen ya sauka, har da piyanon. Ƙarar nan ba za ta fita daga kunnena ba. Maɓallan suka tarwatse, fari da baƙi da ja. Ya faɗi yana kururuwa, yayanka ya taka masa wuyan hannu da takalmi ya ci gaba, yatsa bayan yatsa, yana ƙirgawa a fili. Ya gama dama ya koma hagu. Maza shida ne a wurin, ba wanda ya matsa. Na riƙe masa riga ta baya, ya yi gaba da ni kamar ba kowa.

Da ya gama da hannayen sai ya dubi fuskar. Na ga ya gyara tsayuwa, na san muƙamuƙi yake so, na kuma san in ya sauke wannan yaron ba zai tashi ba. Baba ya taho ta bayansa da hannu biyu a miƙe yana kiransa ɗana, ɗana. Yayanka ya ja rodin baya da dukan ƙarfinsa don ya sauke, bakin rodin ya sami Baba a nan gefen ido. Tsohon bai yi ko ƙara ba. Ya zauna a ƙasa kamar wanda ya gaji, sannan ya kwanta.

Yayanka ya juya ya gan shi. Ya saki rodin. Ya ɗauke shi a hannu ya fita da shi titi yana tare motoci, jinin Baba yana bin gwiwar hannunsa. Shi ya kai shi asibiti, a can kuma 'yan sanda suka same shi zaune a ƙasa bakin ƙofar tiyata. Baba ya yi kwana biyu bai farfaɗo ba, ran Litinin da safe ya cika.

Mai Piyano yana raye. Sun yanke yatsu uku, sauran ma an ce ba za su ƙara lanƙwasuwa ba.

A wurin jana'iza ɓangaren Fasto suna raɗa cewa kwanan Baba ne ya ƙare, ɓangaren Baba suna cewa wa'azin Fasto ne ya kashe shi. Saura kaɗan su sake kamawa a bakin kabari, sai da matar Baba ta ce duk wanda ya ƙara buɗe baki ya bar mata wurin.

Na sami wasiƙarka a aljihun wandonsa. Na karanta. Ni ban yi karatunku ba, Malam, amma na zauna da mutumin nan shekara ashirin da bakwai, kuma ba a ce wa irinsa ya saki jiki. Ba zagi na rubuto in yi ba. Ka zo.

Matar yayanka


13 ga Mayu

Yaya,

Ban san yadda ake tambayar lafiyar wanda yake inda kake ba. Ina fata suna barinka ka ga rana, idanun kuma sun huta.

Jiya muka dawo. Wasiƙu uku na tarar a akwatina, na karanta su a tsaye a bakin ofis, bi da bi. An tashe mu tafiyar nan kwana biyu bayan jarrabawa. Na ce in na isa zan rubuta maka, sai na tarar babu gidan waya, na ce ai ba gaggawa. Ranar da kake yanka rodi ina koya wa yara waƙa a ƙarƙashin bishiya.

Ba abin da nake nufi ke nan ba. Rabin maganar na aiko maka, na riƙe rabin saboda jarrabawa. Rabin da na riƙe shi ne cewa wanda Allah ya riƙe, yakan riƙe masa hannu ma, kuma duk wanda ya mai da alheri lasisin zunubi bai san alheri ba. Layi biyu ne. Minti ɗaya ya isa in rubuta su.

Ni na kashe Baba, Yaya. Na ɗauki abin da muke musu a kai muna shan shayi na miƙa wa mutumin da yake tsaye a bakin rami. Na je wurin malaminmu na tambaye shi ko wannan ma Allah ne ya tsara, har da jinkirina, har da inda Baba ya tsaya. Ya ce i, amma alhakin yana kanmu. A aji na sha ba da wannan amsar, har ana yaba mini. Jiya da na ji ta sai na tashi na fita, ban ko yi masa sallama ba.

Na rubuta takardar barin makaranta, ban miƙa ba tukuna. Zan zo ranar ziyara ta farkon wata. Zan gaya wa lauya ya nuna wa alƙali wasiƙata.

Ƙanenka


22 ga Mayu

Ƙanena,

Na sami taka. Ina lafiya. Mu goma sha ɗaya ne a ɗakin, wurin kwanciyata kusa da ƙofa. Idanun sun daina ruwa.

Ka yaga takardar barin makarantar nan. Kada kuma ka kai wa lauya kome.

Ka ce ka aiko mini rabin magana. Malam, ni ba yaro ba ne. Tun karatun farko na san abin da kake nufi. Na san ta'aziyya ka aiko. Sauran karatun da na yi ta yi, nema nake in ga inda zan lanƙwasa ta, kuma lanƙwasa ƙarfe aikina ne. Da ka rubuto layi biyun nan, da na nemi wata ƙofar. Kullum da nake zuwa gidan waya, addu'a nake kada in tarar da wasiƙarka. Saboda haka kada ka ƙwace mini laifina. Shi kaɗai ya rage mini da zan kai gaban Allah in ce nawa ne.

Lauya yana so in ce na Baba tsautsayi ne. Gaskiya ne ban nufe shi ba, ban ma san yana bayana ba. Amma ni na auna rodin, ni na yanke, ni na naɗe masa roba don kada ya zame. Daga shago zuwa majami'a akwai kwanar titi huɗu, a kowace kwana na tsaya, a kowace na ci gaba. Haka zan faɗa wa alƙali.

Fasto ya zo ya ce in ina cikin zaɓaɓɓu zan tuba. Ɗan Baba ya aiko a gaya mini ubansa ya ɓata shekarunsa a kaina. Ko an zaɓe ni ko ba a zaɓe ni ba, ban sani ba, na kuma daina tambaya. Abin da na sani, da safe nakan durƙusa in ce ka ji tausayina. Wani lokaci ji nake ni na durƙusa, wani lokaci ji nake durƙusar da ni aka yi. Ka ci gaba da karatun, wataƙila wata rana ka gane wanne ne. In ka gane, ka faɗa wa mutane gaba ɗayansa, kuma ka fara duba abin da yake ƙarƙashin teburinsu.

In ka zo, kafin ka zo wurina ka je wurin matar Baba. Kada ka karanta mata aya. Ka zauna kawai, in ta kore ka ka tashi.

Sannan ka je gida. Mamana ba ta zo ba, ban kuma ce ta zo ba. An kwance mata baki ranar Litinin. Uwarta ta ce ta daɗe tana motsa muƙamuƙin kafin magana ta fito, kuma abin da ta fara faɗa tambaya ce. Wai wa ya aike ni.

Ka gaya mata ba kowa. Ba ita ba, ba kai ba, ba Allah ba. Ka ce babanta ne ya tafi da ƙafarsa.

Yayanka